Yadda Hanta Kan Buɗe wa Cuta Ƙofa

A garuruwan da ke kewayen madatsar ruwan Zobe, irin su Maƙera a ƙasar Dutsin-Ma, har zuwa ƙauyukan Kurfi, idan idon mutum ya yi ruwan ɗorawa akan ce shawara ce, a shiga nema masa saiwoyi. Shawara dai alama ce kurum, kuma cikin abubuwan da ke kawo ta akwai ƙwayar bairos mai haddasa ciwon hanta nau'in B. Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawancinsu kuwa ko shawarar ba su taɓa yi ba.

To, jini yakan zagaya da wannan ƙwaya ko'ina a jiki. Me ya sa hanta take sauka?

Amsar tana jikin hantar. Bairos ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin tantani, wato ɗan mitsitsin ɗakin da aka gina jiki da irinsa, kuma ba ya shiga sai ya sami ƙofar da mabuɗinsa ya dace da ita. Hanta ce ke yin ruwan matsarmama, wanda ke zuba cikin hanji don narkar da maiƙo. In ya gama aikinsa, sai jini ya dawo wa hanta da gishirinsa, ya shiga ta wata ƙofa ta furotin da masana ke kira NTCP. Wannan ƙofa ta halal ita ce bairos ɗin ya ƙera wa mabuɗi. Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayar a jini tun 1965, amma ba a san ƙofar ba sai 2012, lokacin da Li Wenhui da abokan aikinsa a birnin Beijin suka gano ta ta hanyar amfani da hantar wata 'yar dabba mai kama da kurege. Daga baya an lura cewa wasu mutane a gabashin Asiya sun gaji ƙofar da ɗan bambanci, kuma cutar ba ta cika zama a jikinsu ba. An kuma sami maganin da ke toshe ƙofar, bulevirtide, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2020 don ciwon hanta nau'in D, domin shi D rigar B yake arowa ya shiga.

Abin da ke faruwa bayan shiga ya fi ban mamaki. Bairos yakan zo da zaren gadonsa, wato DNA, da giɓi a jiki. Tantanin yana da masu gyara waɗanda aikinsu ɗinke duk zaren da ya tsinke, sai su ɗauka nasu ne, su cike giɓin, su mai da shi zobe cikakke a cibiyar tantanin. Wannan zobe shi ne tushen matsalar. Magani irin tenofovir yana hana hayayyafa sosai, yana kuma ceton hanta, amma ba ya taɓa zoben. Shi ya sa mai sha kan daɗe yana sha, kuma dainawa ba da iznin likita ba ganganci ne. Tantanin ba ya rasa mai gadi: akwai wani furotin, Smc5/6, da ke danne zoben ya hana shi aiki. Sai dai masu bincike a Janeba sun nuna a 2016 cewa bairos kan sa wa mai gadin alama, tantanin da kansa ya kwashe shi ya zubar. Da ɗan gari akan ci gari.

Shekarun mutum ma suna da nasu hukuncin. Ba bairos ne ke kashe tantanin hanta kai tsaye ba, garkuwar jiki ce ke yin haka a wajen farautarsa. Babban mutum na iya yin zazzaɓi da shawara, amma fiye da 95 cikin 100 sukan kore shi. Jariri kuwa garkuwarsa ba ta ɗaukar baƙon a matsayin abokin gaba, don haka kimanin 9 cikin 10 na jariran da suka kamu za su rayu da shi. Sai an girma, wataƙila an yi iyali, hanta ta soma ƙanƙancewa ko daji ya fito. Haɗarin yakan ninku idan ana cin gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a rumbu, domin gubar funfunar tana lalata furotin p53, mai tsare tantani daga zama daji.

Jariri kan kamu daga mahaifiyarsa wajen haihuwa, ko daga askar da ba a tsabtace ba wajen askin suna, cire belu ko kaciya. Nijeriya ta sa rigakafin wannan cuta cikin alluran yara a 2004, kuma ana so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa, kafin ƙwayar ta kafa zobenta. A inda ake haihuwa a gida, a jira sai bayan suna kafin a je asibiti, kwana bakwai sun riga sun wuce.