Yadda Masana Ke Raɗa wa Halittu Suna

A Farawa 2:19-20 mun karanta yadda Adamu ya raɗa wa dabbobi suna. Aikin nan bai ƙare ba har yau.

Mu ɗauki acca. Birom suna da sunan da suke kiranta, Angas da Tarok ma haka. To, idan masanin noma a Jos zai rubuta wa takwaransa na ƙasar Mali, da wane suna za su fahimci juna? Carl Linnaeus, ɗan wani fasto a ƙasar Suwidin, shi ne ya tsayar da ƙa'ida, ga tsirrai a 1753, ga dabbobi a 1758. Kowace halitta tana samun kalma biyu cikin harshen Latin: ta fari sunan dangi, da babban baƙi, ta biyu sunan irinta, da ƙaramin baƙi. Acca ita ce Digitaria exilis a ko'ina cikin duniya.

Sunan ba na ka ba ne. A 1998 Robert Payne, masani daga Amurka, ya bayyana wani ɗan tsuntsu na duwatsun Jos. Sai da ya kwatanta shi da danginsa, ya wallafa siffofinsa, kana sunan ya tabbata: Lagonosticta sanguinodorsalis. Kalma ta biyun tana nufin mai baya ja kamar jini.

Manoma sun daɗe suna ganinsa, amma abin da babu sunansa a rubuce, da wuya a hana masu fasa dutse rushe mazauninsa. Ana nazarinsa a dajin Amurum, kusa da Laminga.