Daga Murhu Zuwa Gona: Shawarwari ga Magidanta Kan Kabon

Kabon sinadari ne da ke cikin itace da hatsi da gawayi da fetur, har da jikinmu, kuma zagaye yake yi. Ganye na zuƙe shi daga iska, da taimakon hasken rana ya zama kara da tsaba. Mu da dabbobi mu ci, mu fitar da shi ta numfashi, abin da ya ruɓe ya koma ƙasa. Lissafin ya rikice ne da aka fara tono kwal da fetur da gas, kabon da ya yi miliyoyin shekaru a binne, ana ƙonawa. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yau ta haura 420, ga shi tana tare zafi. Afirka kaf kusan kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa, don haka kada kowa ya ɗora wa uwargida laifin ɗumamar yanayi. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, kabon da ya zauna a gona albarka ne, wanda ya tashi a hayaƙi kuwa asarar gida ce.

1. A daina banka wa gona wuta bayan girbi. Ƙasa ta fi iska da tsirrai duka ajiyar kabon, kuma shi ne ke sa ta yi baƙi, ta riƙe laima. Toka na da ɗan amfaninta, amma mafi yawan abincin ƙasar ya bi hayaƙi. A bar kara da ƙaiƙayi a kwance, gara ta cinye su ta mayar ƙasa, su kuma hana iskar hunturu kwashe saman gonar. Wanda ke buƙatar karan don dabbobi ko danga ya ɗiba, amma kashin dabbobin ya dawo gonar kafin shuka.

2. In an zo sassabe, kada a share komai. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya tun shekarun 1980, bayan fari ya gigita yankin. Maimakon sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi da suka miƙe, a datse sauran, a riƙa rage musu rassa duk shekara. Da yake saiwar tsohuwa ce kuma ta yi nisa a ƙasa, itacen kan girma da sauri fiye da dashe, ba ban ruwa, ba kuɗin iri. An ƙiyasta cewa ta haka bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ne sarkinsu: yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ga 'ya'yansa abincin awaki da rani. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na tsakar fili kauri. Rassan da aka datse kuma su ne makamashin gida, wato an huta da sayen itace.

3. A gyara murhu. Na duwatsu uku yana barin yawancin zafin ya gudu ta gefe. A kewaye shi da laka, a bar ƙofar itace ɗaya, tukunya ta zauna daram. A yi girki da busasshen itace, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a janye ragowar itacen a kashe da an sauke. Gawayi kuwa, ko da ya fi tsabta a kicin, kilo ɗaya kan cinye kilo biyar ko fiye na itace a wurin masu ƙona shi a daji.

4. Gas ma daga ƙarƙashin ƙasa yake, ba za a wanke shi tas ba. Duk da haka, a ganina gidan birni da ke da hali ya koma gas, domin ya rage saran daji, ya kuma raba mata da yara da shaƙar hayaƙi.

5. A raba shara biyu. Ɓawon kayan miya, toka, ganye da kashin kaji su tafi rami ɗaya, ana yayyafa ruwa ana juyawa har su zama taki. Leda kuwa daga fetur aka yi ta, ƙona ta a lungu guba ce ga maƙwabta. A tafi kasuwa da jaka ko kwando.

6. Kowace litar fetur da janareta ya sha tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon. A yi masa sabis a kan kari, a sa ƙwan lantarki marar jan wuta, in da hali a sayi ƙaramar sola ta fitila da cajin waya. Wani gargaɗi da ya fi wannan gaggawa: janareta a cikin gida, ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, na fitar da wata iska dabam marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

7. A dasa itace a gida, darbejiya ko mangwaro ko zogale. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da ya zuƙo daga iska. A dasa bayan damina ta zauna, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a ɗora wa yaro ɗaya alhakin zuba masa ruwan alwala har ya tsallake raninsa na farko.