Shawarwari 9 ga Iyalan da Kuɗin Wutar Bazara Ke Neman Fin Ƙarfinsu a Amurka

A watan Yulin 1995, zafi ya kashe mutum sama da 700 a birnin Chicago cikin 'yan kwanaki. Yawancinsu tsofaffi ne talakawa masu zama su kaɗai. Wasu ba su da na'urar sanyaya ɗaki, wasu kuma suna da ita amma sun ƙi kunnawa don tsoron kuɗin wuta. Duk lokacin da na ji wani ɗan'uwanmu a Bronx ko Columbus ko Greensboro yana cewa "ai mu mun saba da zafi", wannan labarin nake tunawa. Gaskiya ne mun san zafin Sakkwato da na Yamai, amma a can akwai tsakar gida da inuwar darbejiya, da dare kuma a shimfiɗa tabarma a waje. Hawa na biyar a benen bulo mai taga biyu wani abu ne daban: bango yana shan rana tun safe, ya kwana yana amayar da ita cikin ɗaki. Akwai tallafin da aka ware domin irin wannan hali, kuma nemansa ba abin kunya ba ne.

1. Ku san shirin LIHEAP. Gwamnatin tarayya ce ta kafa shi a 1981 don taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi su biya kuɗin ɗumama gida da sanyaya shi. Ma'aikatar Lafiya da Ayyukan Jama'a ce ke raba kuɗin ga jihohi, kowace jiha kuma ta tsara nata rabon, shi ya sa suna da sharuɗɗa suke bambanta. A New York da Ohio ana ce masa HEAP. Galibi ba a ba ku kuɗin a hannu, kamfanin wuta ake tura wa kai tsaye, sai ku ga an rage muku a takardar biya. Kuɗin harajin da ake cirewa daga albashin masu aiki ne, har da naku. Wasu jihohin sun fi karkata kuɗin ga lokacin sanyi, don haka ku tambaya ko taku tana da tallafin bazara. Kiran lamba 211 kyauta ne, kuma za a gaya muku ofishin da ya fi kusa da ku. Idan Turanci bai zauna ba, ku nemi a haɗa ku da tafinta.

2. Kada ku yanke wa kanku hukuncin cewa ba ku cancanta ba. Mutane da yawa suna zaton sai wanda ba ya aiki ake ba. Doka ta yarda jiha ta karɓi gidan da abin da yake samu bai wuce kashi 150 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya ba, ko kashi 60 cikin 100 na matsakaicin abin da iyalai ke samu a jihar. A 2024 ma'aunin talauci ga gida mai mutum huɗu dala 31,200 ne a shekara, kashi 150 ɗinsa kuwa dala 46,800. Direban tasi mai mata da 'ya'ya biyu zai iya shiga cikin wannan lissafin. A jihohi da dama, gidan da ke karɓar tallafin abinci na SNAP, ko SSI, ko TANF, ya riga ya cika sharaɗin kuɗin shiga. Ana kuma fifita gidan da ke da dattijo mai shekara 60 zuwa sama, ko mai naƙasa, ko ƙaramin yaro. Idan akwai wanda takardun zamansa ba su kammala ba a gidan, ku fara ganin lauyan shige da fice ko ƙungiyar taimakon baƙi, domin a wasu jihohin ana ba da tallafin saboda yaran da aka haifa a ƙasar.

3. Ku yi sammako. Kuɗin shirin ƙayyadadde ne, ba ya isar duk wanda ya cancanta, kuma wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. A New York akan buɗe tallafin sanyaya gida tun kafin zafi ya kankama, a saya wa gidan da ya cika sharaɗi na'urar sanyaya ɗaki ko fanka har a girka masa, kuma da kuɗin sun ƙare sai a rufe. A Ohio shirin agajin bazara yakan fara ranar 1 ga Yuli. Wanda ya bari sai takardar watan Agusta ta iso ya ga abin ya ninka, sau da yawa ya makara. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: ku tambayi ranar buɗewa tun watan Maris, ku rubuta ta a kalandar gida.

4. Ku tara takardunku wuri guda kafin ku je. Za a nemi katin shaida, lambar Social Security ta mutanen gidan, takardar kuɗin wuta ta baya-bayan nan, yarjejeniyar haya, da shaidar abin da kowane baligi yake samu. A nan ne 'yan'uwanmu masu sana'ar kansu ke shan wahala, kamar masu kitso, masu tuƙi da masu kai saƙo, tunda ba su da takardar albashi. Takardar biyan harajin bara da bayanan banki sukan taimaka, wasu ofisoshin kuma suna da fom na musamman ga mai aikin kansa. Ku faɗi gaskiya, ku ɗauki hoton duk abin da kuka miƙa. Ko da kuɗin wutarku yana cikin kuɗin haya, ku tambaya, domin wasu jihohin suna taimaka wa irin waɗannan 'yan haya.

5. Idan takardar barazanar yanke wuta ta zo, kada ku tura ta ƙarƙashin katifa. Ran nan ku kira kamfanin, ku nemi a raba muku bashin ku riƙa biya kaɗan-kaɗan, sannan ku je ofishin tallafi ku ce buƙatar gaggawa ce. Dokar LIHEAP ta ce gidan da ya cancanta kuma yake cikin halin gaggawa a kai masa ɗauki cikin sa'o'i 48, idan rai na cikin haɗari cikin sa'o'i 18. Idan akwai mai asma, ko ciwon zuciya, ko mai amfani da na'urar numfashi, ku karɓo takarda daga likita ku kai wa kamfanin. A jihohi da yawa wannan takarda tana dakatar da yanke wuta na wani lokaci. Idan kamfani ya ƙi sauraren ku, kowace jiha tana da hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta, kuma kai ƙara gare ta kyauta ne.

6. Ku nemi rangwamen da ke ɗorewa duk shekara. LIHEAP yakan zo sau ɗaya ko biyu a shekara, amma akwai shirye-shiryen da ke rage kuɗi kowane wata. A Kalifoniya shirin CARE yana rage kashi 30 zuwa 35 cikin 100 na kuɗin lantarki. A Ohio akwai PIPP Plus, inda gida ke biyan wani ƙayyadadden kaso na abin da yake samu maimakon dukan abin da mita ta nuna. Kamfanoni da yawa kuma suna da tsarin daidaita biya: a lissafa wutar shekara, a raba ta gida 12. Wannan bai rage jimillar ba, sai dai yana hana watan Agusta karya muku lissafi.

7. Ku toshe hanyoyin da kuɗi ke zurarewa. Ku sauke labule mai kauri a tagogin da rana ke duka tun hantsi. Ku wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki duk wata, domin idan ƙura ta toshe ta sai ta ƙara shan wuta. Ku liƙe gefen tagar da aka girka ta. Ku saita ta a maki 78 na ma'aunin Amurka, wato kusan 26 a namu, ku haɗa da fanka. Ku sanyaya ɗaki ɗaya kowa ya taru a ciki lokacin tsananin rana. Tuwo da miyar da ke daɗewa a wuta a dafa su da sassafe ko bayan magariba. Akwai kuma shirin gyaran gidaje na Ma'aikatar Makamashi, wanda ke aiki tun 1976, yana toshe ɓarakar gida kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi. 'Yan haya ma suna iya shiga idan mai gidan ya amince.

8. Ku yi hattara da 'yan damfara. Wanda ya kira ya ce za a yanke muku wuta cikin sa'a guda idan ba ku biya ta katin kyauta ko kuɗin kirifto ba, ɓarawo ne. Ku kashe wayar, ku kira lambar da ke jikin takardarku. Neman LIHEAP kyauta ne, ba a biyan kowa ko sisi. Masu ƙwanƙwasa ƙofa suna alkawarin wuta mai araha kuwa, kada ku nuna musu lambar asusunku. Farashinsu yakan fara da sauƙi, bayan 'yan watanni ya haura.

9. Kada tsimin wuta ya ci rai. Idan ɗaki ya yi zafi matuƙa, fanka iska mai zafi kawai take juyawa. Ranar da aka yi gargaɗin tsananin zafi, ku kunna na'urar, ko ku kai tsofaffi da yara laburare ko cibiyar shan iska da hukumar birni ke buɗewa. A New York ana samun adireshinsu ta lamba 311. Jiri, ruɗewa, amai ko suma alamun haɗari ne, ku kira 911 nan take. Idan tallafin gwamnati bai isa ba, akwai Salvation Army da Catholic Charities, akwai kuma asusun zakka na masallatai. Ina roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu su riƙa sanar da ranar buɗe tallafin bayan sallar Juma'a, matasa masu Turanci su zauna su cike wa iyaye fom. Duk wanda ke da maƙwabciya tsohuwa mai zama ita kaɗai, ya ƙwanƙwasa mata ƙofa safe da yamma, ya shiga ya ji zafin ɗakin da jikinsa, kada ya tsaya ga "lafiya lau" da za ta ce masa daga ciki.