Filin Ƙwallon Kwando a Cikin Gida: A Ƙirga da Buhun Siminti

Shekarun rashin tsaro sun sauya yadda yara ke wasa a arewacin Zamfara. A Zurmi da Shinkafi da garuruwan da ke kewaye da Ƙauran Namoda, filayen ƙwallo galibi a bakin gari suke, kuma ba kowane uba ne hankalinsa ke kwanciya ba idan magariba ta gabato ɗansa yana can. Yaran kuwa ba za a ɗaure su ba. Wanda aka hana fita, waya zai runguma, ko ya tsallake katanga. Nan ne tambaya ke zuwa wa magidanci mai ɗan hali, da mai makarantar kuɗi ko ta Islamiyya: nawa za a kashe a yi musu wurin wasa a cikin katanga?

Ƙwallon kwando ce ta fi dacewa da wannan buƙata. Ƙwallon ƙafa na son fili mai faɗi da taron jama'a, ita kuwa wannan, turken ƙarfe ɗaya da 'yan mitoci sun isa, kuma yaro ɗaya tilo zai iya wuni yana jifa.

Yawancin masu niyya da farashin zobe da allo suke fara tambaya, alhali waɗannan su ne mafi arha a cikin aikin. Kuɗin a ƙasa yake kwance, wato a daɓen kankare. Kuma lissafin naira ba ya daɗewa bai tsufa ba. Buhun simintin da ake saye wajen naira dubu biyar a 2023 ya haura dubu goma a wurare da dama a farkon 2024, duk da ga masana'antar BUA nan kusa a Kalambaina ta Sakkwato. Saboda haka mai hankali da buhu yake ƙirgawa, sannan ya je wurin dila ya ji farashin ranar.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Kankare mai kaurin santimita 10, wato inci huɗu, ya ishi ƙafar ɗan wasa. A wannan kauri, kowane murabba'in mita goma na cin kusan buhu shida da rabi. Daga nan sai a duba girman fili.

Cikakken fili, bisa awon hukumar FIBA ta duniya, mita 28 ne da 15, murabba'in mita 420 ke nan, buhu wajen 270. Fulotin da aka saba yankawa, mai ƙafa 50 da 100, bai wuce mita 15 da 30 da 'yan kai ba, don haka cikakken fili zai cinye fulotin ɗungurungum, ba ɗaki ba banɗaki. Wannan aikin makaranta ne ko ƙaramar hukuma. Sai filin 'yan uku-uku, wasan da ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021, mai mita 15 da 11 da kwando ɗaya. Shi zai ci buhu 105 zuwa 110, kuma ya fi dacewa da harabar makaranta ko babban gidan gandu. Na ukun shi ne na gida: mita 8 a faɗi, 7 a tsawo, buhu 36 zuwa 40. Ƙarami ne, amma ya ɗauki layin jifar fanareti, wanda ke mita 4.6 daga fuskar allo, kuma yara huɗu za su kara a cikinsa biyu-biyu har su jiƙe da gumi.

Idan aka ƙaddara buhu naira dubu goma ne, simintin ƙaramin bai wuce dubu ɗari huɗu ba, na uku-uku ya ɗan haura miliyan ɗaya, cikakken kuma miliyan biyu da dubu ɗari bakwai. Amma siminti shi kaɗai ba ya zama kankare. Akwai yashi, fasasshen dutse, marmarar ciko, ragar ƙarfe, katakon gefe, ruwa, kuɗin birkila da leburori, sannan kuɗin mota. Wanda ke son ya gama aiki ba tare da ya tsaya a tsakiya ba, ya tanadi ninki biyu zuwa uku na kuɗin simintin kafin a sara ƙasa. Yashi ba ya wahala ga mutanen Ƙaura, tun da ga gulbin Gagare a gefensu. Dutse ne mai cin kuɗi, domin ana buƙatar ninkin yashi biyu, kuma nisan hanya ake biya: abin da aka sauke a Ƙaura da wani farashi, kafin ya kai Shinkafi ko Zurmi ya ƙara. Filin uku-uku na son yashi kimanin mita bakwai da rabi na awon cika, dutse kuma goma sha biyar. A tambayi mai tifa awon motarsa, don tifa suna ta tara. Ya fi kyau a haɗa kaya a yi jigila ɗaya da rana tsaka, maimakon a riƙa aike kaɗan-kaɗan a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu.

Abin da ke kashe yawancin daɓen kankare a ƙarƙashinsa yake. A kankare baƙar ƙasar sama duka, a zuba marmara kaurin santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa, a daddaɓe ta hawa-hawa har sai dunduniya ta kasa barin sawu. Gidajen da ke kusa da fadama, kamar wasu sassan Shinkafi, suna bisa laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma irin wannan ƙasa tana buƙatar ciko mai kauri da ragar ƙarfe a tsakiyar kankaren, ba a shimfiɗe a ƙasansa ba. A binciki tsofaffin gida ko akwai tsohuwar shadda ko rijiyar da aka cike a wurin, domin ko bayan shekaru takan zauna ta tafi da daɓen. A nisanci gindin dogon yaro, saiwarsa na ɗaga siminti.

Sai wani gargaɗi da ya shafi Zamfara musamman. Kada a karɓi ƙasar ciko daga inda ake niƙa ko wanke dutsen zinariya, komai arharta. A 2010 gubar dalma daga irin wannan ƙasa ta hallaka yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma ta hanyar ƙurar tsakar gida ta shige su. Wurin da yara za su faɗi su tashi, su sa hannu a baki, dole a san asalin ƙasarsa.

Ranar zubi ita ce ranar da mai gida ba ya zuwa kasuwa. Haɗin da ake so shi ne buhu ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na dutse, da ruwa kusan jarka ɗaya mai lita 25. Leburori na son ƙara ruwa saboda kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin shimfiɗawa, amma shi ne bayan wata shida yake fara gari, ƙwallo na tashi da ƙura. A sa birkila ya ba filin ɗan gangare, santimita ɗaya a kowace mita, zuwa wajen rariya, ba wajen ɗakuna ko katangar maƙwabci ba. Ruwan Agusta zai tona duk inda aka yi ha'inci. A yanka tsagi kowace mita uku, domin kankare sai ya tsage ko ana so ko ba a so, gara a nuna masa inda zai bi. Fuskar kuma kada a goge ta da ruwan siminti ta yi sulɓi irin na ɗaki. A bi ta da katako, a ja tsintsiya a hankali, ta yi ɗan kaushin da zai riƙe takalmi. Tayil kam bai da wuri a nan ko kaɗan.

Bayan zubi sai ban-ruwa, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, zamansa da laima ne. A rufe shi da tsofaffin buhunan algarara ko yashi, a riƙa jiƙawa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, a kuma sa kuɗin 'yan ga-ruwa a cikin lissafi tun farko. Sai ya cika kwana 28 yake kai ƙarfinsa, sannan ne za a ja layuka da fenti. Zafin Afrilu, da ke haura digiri 40, da busasshiyar iskar hunturu duk suna tsotse ruwan kafin siminti ya kama. Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwan sama, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da rijiyoyi ke cike. Idan dole sai da bazara, a yi zubin da asuba ko bayan la'asar.

Turke da allo da zobe aikin mai walda ne na cikin gari, ba sai an aika Kano ba. Zoben yana da faɗin santimita 45 a ciki, yana tsayawa mita 3.05 daga ƙasa. Ga yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, mita 2.60 ake sa musu, don haka a ce wa mai walda ya huda ramukan ƙusa a hawa biyu. Allon gasa mita 1.80 ne da 1.05, amma na gida ko ya gaza haka ba laifi. Turken ya zama bututun ƙarfe mai kauri, inci huɗu ko fiye, a binne shi a rami mai zurfin mita ɗaya cikin nasa kankaren daban, a naɗe gindinsa da tsohuwar katifa. Kada a kuskura a kafe zobe a jikin katangar bulo ko ta laka. Yaro sai ya yi lilo da zobe, komai faɗan da aka yi masa, kuma katangar na iya biyo shi. A Ostareliya an yi asarar rayuka ta wannan hanya, har doka ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin allunan da ake sayarwa. A kafa kwandon a kudu ko arewa, tun da wasan na yamma ne, mai jifa ba zai so rana a idonsa ba. A kuma ɗaga kai a duba wayar lantarki.

Wanda ba shi da ƙarfin siminti bai rasa mafita ba, domin Bahaushe ya san daɓe tun kafin zuwan buhu. Iyaye mata sun daɗe suna zuba tsakuwa da jar ƙasa, su yayyafa ruwa, su bi da madaɓi har ƙasa ta yi tauri, sannan su shafe da makuba daga ɓawon ɗorawa ko ruwan bagaruwa. Daɓe irin wannan, idan an yi shi da kyau, ƙwallo na tashi a kansa sosai, kuma ya fi kankare sauƙi ga gwiwa idan an faɗi. Aibinsa shi ne damina na cin sa, sai an sabunta shi kowace kaka, kuma yana son a share shi a yayyafa masa ruwa kafin wasa. Amfaninsa babba kuwa shi ne, marmarar da aka daɓe bana ita ce ginshiƙin kankaren baɗi. Ba a yi asarar ko kwabo ba, an kuma gwada ko yaran da gaske suke.

A ƙasar noma irin wannan, filin ba ya zaman banza da safe. Za a shanya gyaɗa da wake da barkono a kansa, a shimfiɗa tabarmi ranar suna, a yi karatun dare. Abin da kawai ba ya ɗauka shi ne nauyin tifa ko tarakta.

Inda za a sa shi a gidan ma abin tunani ne. Idan yaran unguwa za su riƙa shigowa, farfajiyar da ke bayan zaure ta fi, don kada a takura wa matan gida, kuma a ɗora ragar waya a saman katanga saboda ƙwallo ta daina faɗawa gidan maƙwabta. Idan kuwa na 'ya'yan gida ne, a tuna da 'yan mata. Su ne suka fi rasa wurin motsa jiki, kuma su ne suka fi ɗaga sunan Najeriya a wannan wasa: ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris a 2024 ta zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik. Arewa ma ba baƙuwa ba ce a harkar. A Zariya Masai Ujiri ya tashi ya fara wasa, shi ne ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019, kuma gidauniyarsa ta Giants of Africa ta yi alƙawarin gina filaye 100 a faɗin Afirka.

Masu makaranta da ƙungiyoyin unguwa da ke son filin uku-uku su nemi wanda ya karanci gini ya auna musu gangare ya rubuta lissafin kaya kafin a kira birkila. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda tana yaye irin waɗannan matasa tun bayan kafa ta a 1983, kuma abin da za a ba su bai kai kuɗin fasa daɓen da ya lalace ba. Ga magidanci kuwa, mita 8 da 7 ya wadatar. Ya ɗauki igiyar awo ya auna tsakar gidansa, ya kafa turke mai ƙarfi, ya daɓe marmara a wannan kakar, siminti ya biyo baya idan amfanin gona ya yi kyau.