Me Ya Sa Aku Ya Zama Waziri? Nazarin Jigo a Magana Jari Ce

A jarrabawar Hausa ta zangon da ya wuce an ce mu faɗi jigon Magana Jari Ce. Da yawanmu muka cika takarda da ba da labari, amma makin da muka samu bai taka kara ya karya ba. Daga baya malaminmu ya nuna mana kuskurenmu: labari shi ne abin da ya faru, jigo kuwa shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa.

Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, shi ya rubuta littafin, kuma na ɗaya ya fito a 1937. A cikinsa Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri mai ƙwaɗayin sarauta ya ƙulla makirci don Musa ya fita a hallaka shi.

Ga wurin da ya kamata mu lura sosai. Macen aku ta hana Musa fita kai tsaye, sai ya fusata ya kashe ta. Shi kuwa aku bai ce masa kada ya tafi ba. Kullum dare sai ya ɗauko labari mai daɗi, Musa ya tsaya sauraro har gari ya waye. Manufarsu ɗaya ce, amma ita ta rasa ranta, shi kuwa ya ceci ɗan sarki, har aka naɗa shi Waziri. Ashe jigon shi ne: iya magana dukiya ce, kuma gaskiya ma tana bukatar a san yadda za a faɗe ta.

Sai kuma salo. Tsuntsu ya yi tunani da dabara irin na mutum, wannan shi ake kira mutuntarwa. Aku ba shi da takobi, ba shi da doki, harshensa ne kawai makaminsa. Saboda haka ya zama alamar hikima, Waziri kuma alamar haɗama. Ko sunan littafin ma hoto ne. Jari shi ne kuɗin da ɗan kasuwa ke juyawa ya ci riba, in ya yi sakaci kuma ya karye. Haka magana take.

Don haka idan muka sake haɗuwa da irin wannan tambaya, mu fara faɗin saƙon a jimla ɗaya, sannan mu kawo abin da ya faru a littafin a matsayin hujja.

Ga aiki gare mu duka: a littafi na uku aku yana koyar da ɗansa Fasih. Mene ne jigon wannan ɓangare? A kawo amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a, za mu lika wadda ta fi kyau a wannan allo.