Yadda Ake Shirya Gasar Wasan Bidiyo ta Intanet Ba Tare da Ta Koma Caca Ba

Yawancin ƙananan gasannin eFootball, PUBG Mobile ko Free Fire hanya ɗaya suke bi: kowane ɗan wasa ya turo kuɗinsa, a tara, wanda ya yi nasara ya kwashe. Wannan tsari shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi kusa da abin da dokokin ƙasashe da yawa suke kira caca. Hanyar kuɓuta ita ce a raba kuɗin shiga da kyauta, kowanne da aljihunsa, tun kafin a karɓi ko sisi daga hannun wani. Duk matakan da ke tafe hidima suke yi wa wannan rabuwar.

Ka fara da auna gasar da ma'aunin da kotunan Amurka suka daɗe suna amfani da shi. A wurinsu, idan abu uku suka haɗu an shiga haramtacciyar caca: akwai kyauta, akwai biyan kuɗi kafin shiga, kuma sa'a ce ke fitar da gwani. Tunda kana son karɓar kuɗi kuma ka ba da kyauta, sa'a ce ya wajaba ka kora. Yawancin jihohin ƙasar suna duba wanne ya rinjayi wani tsakanin ƙwarewa da sa'a, wasu kuma sun fi haka tsanani. Saboda haka ka zaɓi wasan da iyawa ke yanke hukunci a cikinsa, ka hana a shigo da 'yan wasa ko makaman da ake samu ta buɗe akwatin sa'a, kada kuma ka raba kunnen doki da jefa ƙuri'a. A ƙara lokaci ko a yi bugun fenariti. A wasanni irin su PUBG, inda wurin da da'irar wasa ta faɗa kan taimaki wani, ka sa a buga zagaye da yawa a tara maki.

Mataki na biyu shi ne mafi nauyi. Ka yanke adadin kyautar, ka sanar da shi, ka ajiye kuɗin a gefe, sannan ka buɗe rajista. A 2007 wata kotun tarayya a jihar New Jersey, a shari'ar Humphrey da kamfanin Viacom, ta ce kuɗin shiga gasa ba kuɗin caca ba ne idan an biya shi don samun damar shiga, kyautar tabbatacciya ce da ba ta dogara da yawan mahalarta ba, kuma mai shirya gasar ba ya cikin masu neman ta. Ma'anar haka a aikace: idan ka ce na ɗaya zai karɓi naira 50,000, to zai karɓa ko mutum 12 suka shiga ko 60. Sanarwar da ke cewa wanda ya ci zai ɗauki kashi 70 cikin ɗari na abin da aka tara, ita da kanta shaida ce a kanka, domin ta nuna 'yan wasa kuɗin junansu suke ci. Kai kuma da ka shirya, kada ka buga.

Daga nan sai ka zauna da biro da takarda ka lissafa abin da gasar za ta ci: ladan alƙalai, data, man janareto, mai haɗa hoton talla, mai sharhi idan za a haska kai tsaye. Ka raba jimillar da yawan 'yan wasan da kake sa rai. Idan hidima za ta ci naira 32,000 kuma gurbi 32 ne, kuɗin shiga naira 1,000 ke nan. Faransa ta mayar da lissafi mai kama da wannan doka. Dokarta ta 2016 da ƙa'idar da ta biyo baya a 2017 sun yarda a karɓi kuɗin shiga muddin jimillarsa ba ta wuce abin da aka kashe wajen shirya gasar ba, har da kuɗin kyaututtukan, kuma wannan sassauci na gasar da 'yan wasa ke hallara a wuri ɗaya ne. Ta intanet mai kyauta ba a yarda a karɓi kuɗin shiga a cikinta ba. A Japan ma, tara kuɗin mahalarta a mayar da shi kyauta yana iya faɗawa ƙarƙashin laifin caca, shi ya sa kyaututtukansu suke fitowa daga masu ɗaukar nauyi.

Za a ce ƙaramin mai shirya gasa ba shi da kamfanin da zai tsaya masa, karo-karo ne kaɗai abin da ya iya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma amsarta ita ce a rage girman kyauta. Mai shagon waya a unguwa zai iya ba da abin sauraro ko katin data a madadin a ambaci sunan shagonsa, kuma gasar da aka cika alkawarinta ita ke jawo wanda ya fi shi gobe. Za a kuma ce ai ƙwarewa ce zalla, ina ruwan doka? Misalin Faransa ya nuna ƙwarewa kaɗai ba ta wanke gasa a ko'ina. Malaman fiƙihu ma tun da can sun bambanta kyautar tsere da wani na gefe ya sa da wadda masu tseren suka haɗa daga aljihunsu, kuma iyayen yaran da za su shiga gasarka da wannan idon za su dube ta.

Kada ka manta wasan yana da mai shi. Ka nemi ƙa'idojin gasar al'umma na kamfanin da ya ƙirƙire shi, ka karanta. Na Nintendo da suka fara aiki a Nuwamban 2023 sun taƙaita gasar intanet ga mutum 300, kyauta kada ta wuce dala 5,000, kuɗin shiga kada ya wuce dala 20, sun kuma hana masu ɗaukar nauyi idan ba a nemi lasisi ba. Ka ga ke nan shawarar neman mai shago ba za ta yi aiki a wasanninsu ba sai da izini.

Gasar intanet ba ta san iyaka ba, doka kuwa ta sani. Ka rubuta ƙarara daga ina ake iya shiga. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Nuwamban 2024 cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 iyakarta Abuja. Abin da aka ƙyale a Legas yana iya zama laifi a Kano, inda Hisbah ke rufe shagunan caca, don haka dokar jiharka da ta jihohin 'yan wasanka za ka tambayi lauya a kai.

A ƙarshe ka rubuta sharuɗɗa ka tura wa kowa kafin ya biya. Ka faɗi minti nawa za a jira wanda bai hau ba, da abin da za a yi idan sabis ya yanke ana tsakiyar wasa: a ci gaba daga sakamakon da aka tsaya ko a sake daga farko. Duka 'yan wasan biyu su ɗauki hoton allo mai nuna sunayensu da yawan ƙwallaye, su tura wa alƙali cikin minti goma. Ka sa ranar biyan kyauta, da alkawarin mayar da kuɗi idan an soke gasar. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da rubutaccen izinin mahaifi ko waliyyi, kuma kyautarsa a asusun babban za a tura. Rasitin kowane kuɗi da ya shigo da wanda ya fita, ka adana shi har bayan an sallami na ƙarshe.