Labarin da ya maƙale a hedikwata

A watan Satumba na 2009 kamfanin Toyota ya aika wa wakilansa a ƙasashe 31 na Turai bayanin yadda za su gyara totur da ke maƙalewa a wasu motocinsa. Irin wannan totur na cikin motocin da ake tuƙawa a Amurka, amma sai a Janairun 2010 aka janye kimanin mota miliyan 2.3 a can. Hukumomin Amurka sun ci kamfanin tarar dala miliyan 16.4 saboda jinkirin. Kwamitin da Toyota ɗin da kansa ya kafa ya gano cewa iko ya taru a Japan fiye da kima: kowane reshe yana aika rahotonsa sama, ba ya jin abin da ɗan'uwansa ya aika. Mu masu aikin tsara gudanarwar kamfanoni mun saba ganin wannan. Da wuya matsalar ta zama rashin na'ura, don imel da manhajojin taro suna nan birjik. Hanyar da labari ke bi ce take da lauje: daga Turai zuwa hedikwata, sannan ya jira wani ya ga dacewar a turo shi Amurka.

Abin da ya kamata shi ne a buɗe hanya tsakanin reshe da reshe kai tsaye, a kuma mai da ita ƙa'ida. Duk lahanin da ya shafi lafiyar mutane ko ingancin kaya a shigar da shi rumbu guda da kowane reshe ke gani, cikin wa'adin da aka yanka, da sunan wanda zai amsa tambaya. Injiniyan reshe ya san takwaransa na wata ƙasa, ya iya kiransa ba sai manajoji biyu sun sa hannu ba.

Za a ce dokokin kare bayanai sun hana, kamar dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, ko ta Najeriya ta 2023. Waɗannan dokoki bayanan mutane suke karewa. Rahoton cewa ƙarfe kaza yana tsagewa ba sirrin kowa ba ne, a cire sunan mai mota a tura sauran. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na manajan reshe, wanda ake auna shi da ribar ƙasarsa kaɗai. Me zai sa ya tona matsalarsa a gaban waɗanda suke neman kujera ɗaya da shi? Yana da gaskiya, kuma wa'azi ba zai canza shi ba. Sai hedikwata ta sa gargaɗin da reshe ya yi wa sauran cikin abin da take dubawa wajen ƙarin girma da alawus, ta kuma daina hukunta wanda ya fara kawo rahoton.